Fartanyar Kawu

6 ga Janairu

Zuwa ga 'Yar Tambaya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikinki da sanyin ofishin nan naku da kike yawan kuka da shi. Mu nan lafiya lau. Innarki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki rigar da kika bar mata gyara tun bara ta gaji da jiran mai ita. Gwiwata ce dai take yi mini tsiya a matakalar ofis, amma ita wannan tsohuwar abokiyar faɗa ce.

Kada ki ce sai da buƙata ta taso Kawu ya tuna da ke, ko da yake in za a bi gaskiya haka ɗin ne. Dangantakarmu ai sai an zauna an warware ta kamar zaren Innarki: kakarki da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne. Amma duk faɗin dangin nan, ni da ke kaɗai muke cin abinci da rubuta manhaja, don haka ba ni da inda zan kai kuka sai wurinki.

An kawo mana sabon manaja. Matashi ne mai ladabi, ba ya wuce ni bai gaishe ni ba, sai dai komai nasa a jadawali yake, har mun sa masa suna Mai Jadawali. Ranar Litinin ya tara mu, mu bakwai har da shi, ya ce daga ƙarshen Afrilu kowa zai koma edita ɗaya, wato manhajar da muke rubuta kod, umarnin kwamfuta, a cikinta, wannan sabon da ake yayi, mai tagogi da 'yan maɓallai birjik. Wanda ya kasa komawa za a mayar da shi sashen amsa wayar kwastomomi, in kuma bai so ba a sallame shi cikin mutunci.

Yana da dalilinsa. Kowannenmu da yadda yake jera rubutunsa, idan aka zo zuba aiki a rumbun ajiya ɗaya na kwamfuta sai fayiloli su yi ta karo da juna. Watan jiya mako guda cur muka ɓata muna sasanta su. Ban ce ƙarya ya yi ba.

To amma kin san editana. Baƙin allo, farin rubutu, babu ruwansa da linzamin kwamfuta. Shi na koya miki lokacin da kika yi dogon hutu a gidanmu kina 'yar shekara goma sha biyu, kina ta damuna da me ya sa kaza, me ya sa kaza. Ke ce ma kika sa masa suna Fartanya. Da fartanyar nan na rubuta manhajar da ke tsara tafiyar motocin dakon kaya na kamfanin nan, shekara goma sha tara ke nan, kuma har gobe babu wanda ya san hanjinta kamar ni. Ba na so in ƙare aikina ina tambayar mutane a waya ko sun kashe sun kunna.

Ga abin da nake roƙo. Ki rubuto mini takarda irin taku ta masana, da manyan kalmomi, ki nuna cewa tsohon edita ya fi sabo. Ke a babban kamfani kike, zai ji maganarki. Ni in na faɗa, cewa zai yi rigimar tsufa ce.

Ki kula da kanki, ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Kawunki

*

19 ga Janairu

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Inna. Ina lafiya ƙalau, sai 'yar mura da ta zo ta wuce. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. A gaya wa Inna rigar ta ƙara haƙuri, mai ita tana nan tafe.

Kafin komai, Kawu, me ya sami firintarku? Wasiƙarka ta bara shafi biyu ce, ta bana shafi biyar, kuma maganar ba ta fi waccan yawa ba. Haruffan ne suka yi ƙiba kamar na allon talla. Ko takarda ta yi muku yawa a ofis ne kake taya su ragewa?

Yanzu maganar Mai Jadawali. Ka yi haƙuri, ba zan iya rubuta takardar nan ba, don kai ka koya mini kada in sa hannu a kan abin da ban yarda da shi ba. Editan da ya zaɓa shi muke amfani da shi a nan, mu kusan arba'in. Idan naka fartanya ne, wannan tarakta ce. Kana cikin rubutu za ta ja jan layi a ƙarƙashin kuskure tun kafin ka ɗaga hannu. Ka ɗora linzami a kan suna, ta nuna maka inda aka haife shi da duk inda ya taɓa zuwa. Kowane irin abu da launinsa, ido ɗaya za ka yi wa shafi ka san me ke ciki. Ni da na koma kanta mako biyu na yi ina ƙunƙuni, a na uku na manta da ƙunƙunin.

Ina son Fartanya, Allah ya sani. Har yanzu idan na ga baƙin allo sai in tuna teburin nan na falonku mai gajeriyar ƙafa ɗaya, da littafin da kake tokare ta da shi. Amma Kawu, ka yafe mini, an ce sabo turken wawa. Ba kai nake nufi ba, karin maganar ce ta zo a haka. Mutumin da ya rubuta manhajar da ke juya motoci ɗari biyu ba zai kasa koyon 'yan maɓallai ba.

Ga abin da na yi maka maimakon takardar. Na ɗauki hotunan allon kwamfutata guda goma sha biyu, na buga su, suna cikin ambulan ɗin nan. A kowane hoto na ja jar kibiya zuwa inda za ka danna, na rubuta lamba a gefe da ƙananan haruffa don kada su rufe hoton. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, hoto biyu a rana. Kafin ƙarshen Afrilu kai za ka riƙa koya wa Mai Jadawali tuƙin taraktarsa.

Ka rubuto ka gaya mini inda ka kai.

'Yarka,
'Yar Tambaya

*

4 ga Fabrairu

'Yar Tambaya,

Muna lafiya, da fatan kina lafiya.

Saƙo ya iso. Na gode da wahalar da kika yi. Ba sai kin sake aiko da hotuna ba.

Maganar takarda kuma a bar ta. Na san abin da zan yi.

Kawunki

*

16 ga Fabrairu

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna. Ni dai jikina lafiya, amma raina ba daɗi tun da na buɗe wasiƙarka.

Layi biyar, Kawu. Kai da in ka fara ba da labarin yadda fanka ta lalace sai an ci shafi biyu. Na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na hau sama na sake karantawa a zaune, ko zan ga wani abu da na tsallake. Na kira wayarka sau uku. Sau biyu ba ka ɗauka ba, na ukun ka ce lafiya lau ka miƙa wa Inna, ita kuma ta yi ta ba ni labarin tsadar zare.

Na san karin maganar nan ce. Bakina ya fi hankalina sauri, tun ina ƙarama kake faɗa. Na tuba, ka yafe mini. Ban taɓa ɗaukarka wawa ba, kai ne mutum na farko da ya ba ni kwamfuta ya ce in lalata ta in ina so, za a gyara.

Amma zan faɗi gaskiya ko da za ka ƙara yin fushi: ni ma na ji haushi. Asabar ɗina guda na ɓata a kan hotunan nan, ina auna kowace kibiya. Ko guda ɗaya ka gwada? Ina jin tsoro girman kai zai raba ka da aikin da ka ba shekara goma sha tara, a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kuma mene ne "na san abin da zan yi"? Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Saura wata biyu da rabi. Don Allah ka ce wani abu, ko faɗa ne ka yi mini.

'Yarka

*

9 ga Maris

'Yata,

Innarki ce. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannuna ya fi sabawa da almakashi. Muna lafiya, ina fata kina lafiya. A shago nake rubuta wannan, a kan teburin yanka, Kawunki bai sani ba. In ya ji zai yi kwana uku ba ya shan shayina, to ya daɗe bai bari ba.

Ba fushi yake da ke ba. Idonsa ne.

Shekara biyu ke nan abin yana cinsa a hankali. Likita ya ce jijiyar idon ce, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran kuma ana lallaɓa shi da magani. Yana ganin hanya, yana ganin mutum a tsaye, amma ƙaramin rubutu ya zama masa hayaƙi. Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Na auna rantsuwar da halin da yake ciki, na ga gara in yi kaffara.

Wasiƙunki ni nake karanta masa tun bara. Da na zo kan turken wawa na so in tsallake, sai ya ce, "Kin tsallake layi, na ji a numfashinki." Dole na koma na karanta. Dariya ma ya yi, ya ce, "Bakin nan nata yana nan." Hotunan ne suka karya shi. Ya kai su bakin taga, ya ɗauko gilashin nan mai ƙara girma, ya juya su sama ya juya ƙasa. Can ya ce da ni, "Wai ina jar kibiyar take?" Na kama yatsansa na ɗora a kai. Sai ya mayar da su ambulan ya sa a ƙasan akwati. Na shiga kicin na yi kukana.

Wannan Fartanyar taku, ashe ba da ido yake aiki da ita ba. Yatsunsa ne suka haddace ta, kamar yadda nake zura zare a keke ina hira. Haruffan da kike yi masa tsiya da su, yana ƙara musu girma ne don ya iya duba abin da ya rubuta. Sabuwar kuwa an ce sai ka nemi wani ɗan abu kamar ƙwayar gero ka danna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, jiya da zan kai kwat ɗinsa wanki na tarar da takarda a aljihu. Ta barin aiki ce, har ya sa hannu, kwanan wata kawai ya rage. So yake ya tafi kafin ƙarshen Afrilu, a ce tsoho ya yi taurin kai, kada a ce tsoho ya makance. Na san mijina. In ya bar aikin nan, zama zai yi a kujera ya shanye kamar tsumma.

Ni ban san aikinku ba, amma abin manajan nan yana ba ni mamaki. A shagona keke uku ne: nawa na ƙafa, mai lantarki na Doguwa da ke taya ni ɗinki, da wani tsoho na hannu da muke yi wa maɓalli gida da shi. Ban taɓa cewa kowa ya koma keke ɗaya ba. Awo ɗaya muke yanka kaya da shi, dutsen guga ɗaya muke bi da shi a ƙarshe. Shekara ashirin, ko mutum ɗaya bai taɓa ɗaga riga ya tambaye ni wane keke ne ya ɗinka ta ba. Ku naku aikin ba shi da awo da guga ne?

Ki yi wani abu, 'yata. Rigarki na gama ta tuntuni, faɗa kawai nake don ki zo.

Innarki

*

21 ga Maris

Kawu,

Ina gaishe ku duka biyu. Inna, na san ke kike karantawa. Don Allah kada ki tsallake ko layi ɗaya, an ce ana ji a numfashinki.

Kawu, na sani. Kada ka yi wa Inna faɗa, in akwai mai laifi ni ce. Kai ka sa mini suna 'Yar Tambaya, amma tambaya ɗaya da ta kamata in yi, ita ce ban yi ba: me ya sa? Na ga haruffa suna girma shekara da shekara, na mayar da abin wasa. Na aika wa mai ciwon ido jar kibiya da ƙananan lambobi, har ina gorin Asabar ɗina. Kunya ta hana ni cin abinci ranar da wasiƙar Inna ta zo.

Da na gama jin kunyar sai na koma kan tambayar Inna, don ta fi mu duka iya zaɓen kayan aiki. Muna da awo da guga mana! Abin da ke damun Mai Jadawali ba edita ba ne, karon fayiloli ne. Akwai 'yar manhaja da aikinta ke nan: duk wanda zai zuba aiki a rumbu, sai ta bi rubutunsa ta daidaita shi a kan tsari ɗaya, ko da me ya rubuta shi. Ita ce guga. Awon kuma fayil ne ƙarami da za a ajiye a rumbun, a rubuta dokokin jeri a ciki sau ɗaya, Fartanya ta bi, Tarakta ta bi. Sai gwaje-gwajen da za su tashi da kansu duk lokacin da aka zuba sabon aiki, su yi ihu in an karya wani abu. Da a nan ofishinmu mun yi wannan tunanin, da ba mu tilasta wa mutum arba'in hawa tarakta ba.

Saura idon. Akwai wani da muka yi aiki tare a kamfanina na farko, makaho ne tun haihuwa, kuma ya fi ni saurin rubuta kod. Na neme shi, ya nuna mini manhajar da ke karanta masa allo a kunne. Da ya ji sunan editanka sai ya yi dariya, ya ce ai irinsa ya fi daɗin sha'ani da murya, tunda duk rubutu ne zalla, babu 'yan hotuna. Ban yarda da jin baki ba. Na sa Fartanya a kwamfutata, na kashe allon, na yi Asabar da Lahadi ina aiki da kunne. Ranar farko na goge fayil guda ban sani ba. Rana ta biyu na rubuta abu ya yi aiki, na yi tsalle ni kaɗai a ɗaki har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa bango. Ni da na manta rabin maɓallan ke nan, balle kai.

A cikin kwalin nan akwai filas, ɗan abin ajiyar fayil da ake sokawa a kwamfuta, da abin sawa a kunne. Na haɗa komai wuri ɗaya. Inna ta soka filas ɗin, ta karanta maka layi ɗaya da na rubuta a jikin kwalin, ka buga shi, shi ke nan. Babu kibiya ko ɗaya.

Abu ɗaya ne ba zan iya sawa a filas ba: sai ka gaya wa Mai Jadawali gaskiya. Takardar aljihun kwat kuma, Inna, in kin ga dama ki yi awon hannun riga da ita.

'Yarka

*

3 ga Afrilu

'Yar Tambaya,

Muna lafiya. Ni da Innarki mun yi kwana biyu ba ma magana sai ta dole. A na ukun na ga shayin da nake haɗa wa kaina ba ya shawuwa, na sauko.

Kun haɗa baki kun tona mini asiri, ke da ita. Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Na kuma ji kamar an sauke mini buhu daga ka, wannan ma ba zan ɓoye ba.

Na buga layin naki. Muryar kamar ta mai mura, kuma ba ta da kunya: kowane waƙafi, kowane baka, sai ta faɗa. Kwana uku na farko kaina ya yi ta ciwo. Yanzu na ƙara mata sauri, Innarki ta ce kamar ana faɗa a kasuwa. Shekaranjiya tana karanta mini wani sashe da na rubuta bara, sai na ji suna ɗaya ya fito sau biyu inda ya kamata ya fito sau ɗaya. Kuskure ne da ya shekara yana kallona ina kallonsa, ban gan shi ba. Na zauna na yi ta dariya har da hawaye.

Gugar ma na gwada ta a kan fayilolin da suka ci mana mako guda. Ta daidaita su kafin in ajiye kofi. Zan nuna wa Mai Jadawali ita.

Amma maganar ido, a'a. A bar kaza cikin gashinta. Ke ba ki san yadda abin yake ba. A ofishin nan ni ake kira idan abu ya gagara. Ranar da suka sani, za su fara yi mini magana a hankali, su riƙa duba aikina a bayan idona, su riƙa ce mini sannu ba dalili. Gara sallama da wannan sannun. Abin kunnen a gida zan riƙa amfani da shi. Takardar kuma tana nan a aljihu, Innarki ba ta samu ta yanka ba.

Kawunki

*

14 ga Afrilu

Kawu,

Gaisuwa gare ka da Inna. Ina lafiya. Yau tawa wasiƙar ce gajeriya.

In ka nuna masa guga kaɗai, zai yi murna ya karɓa, sannan ya ce to a hau Tarakta kuma, tunda bai san abin da zai hana ba. Aikin ofis kuwa ba a gida ake yinsa ba.

Ka tuna ranar da na rubuta 'yar manhajata ta farko a teburin falonku? Tana ta fito da saƙon kuskure, ni kuma na gano dabarar da zan sa saƙon ya daina fitowa, na zo ina taƙama. Ka cire gilashinka ka ce, "Ba ki gyara ba, bakinta kika toshe. Manhajar da ke ɓoye ciwonta ita ke kayar da mota a hanya. Bar ta ta yi ihu da wuri." Shekara goma sha shida ina bin wannan dokar, ina koya wa na ƙasa da ni, ina cewa Kawuna ne ya faɗa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Kawu. Ko me ka yanke, ni 'yarka ce. Amma ina roƙonka.

'Yar Tambaya

*

8 ga Mayu

Zuwa ga 'Yar Tambaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Mu nan lafiya lau, har gwiwar ta yi sanyi. Na san kin yi ta leƙa akwatin wasiƙu, kin kuma kira na ƙi ba ki labari a waya. Da gangan na yi, labarin nan na takarda ne.

Ranar ashirin da takwas ga Afrilu Mai Jadawali ya tara mu don ya ga wanda ya koma da wanda bai koma ba. Na shiga da takardar a aljihun dama, abin kunnen a na hagu, ni kaina ban san wanda zan ciro ba. Na nuna musu guga da awo da gwajin. Ya yi ta gyaɗa kai yana rubutu, sannan ya ce, "Madalla, Baba. To yaushe za ka koma sabon editan?" Daidai yadda kika faɗa, har na ji haushinki.

Na sa hannu a aljihun hagu. Na ce, "Ba zan iya ba. Ba na ganin abin da ke allon nan, shekara biyu ke nan." Duk suka juyo suna kallona. Don kada a fara sannun, na miƙa hannu na kashe allon kwamfutata, na ce ya ba ni kowane gyara da ke jiran layi. Ya ba ni na wata mota da manhaja take turawa gari biyu a rana ɗaya. A da minti goma ya ishe ni. Ranar minti arba'in na yi, gumi yana bin bayana, su shida suna tsaye a kaina. Na yi kuskure ɗaya, gwajinki ya yi ihu, na ji, na gyara. Na biyu ya wuce lafiya.

Mai Jadawali ya ce in biyo shi ofis. Ashe ransa ne ya ɓaci. Ya ce, "Baba, wata huɗu ina ganin raina ni ka yi. Da ka faɗa mini tun ranar farko, da ban rubuta waccan dokar haka ba." Na ce shi ma bai tambaya ba. Ya ce gaskiya ne. Muka ba juna haƙuri. Washegari ya liƙa sabon jadawali, kin san ba zai iya rayuwa babu shi ba: kowa da editansa, awo ɗaya, guga ɗaya, gwaji ɗaya. Biyar sun zauna a kan Tarakta, kuma na ji suna yabonta, ban hana ba. Ya ce zuwa wata uku zai duba saurina. Ban damu ba, jiya minti ashirin da biyar na yi.

Abin da ya fi ba ni kunya, matar da teburinta ke kusa da nawa ta ce ta fi shekara da sani. Ita ce take janye kwandon shara daga hanyata kowace safiya. Ni ina can ina ɓoyo, ana share mini hanya. Sannun kuma an yi mini shi, kwana biyu. A na uku abu ya gagara, aka kira ni.

Takardar aljihu Innarki ta yanka ta, ta ce ko awon kirki ba ta yi ba. Tana ta taƙama a shago wai ita ta gyara kamfani. Ki zo ki karɓi rigarki kafin kanta ya fi ƙofa girma.

Daga yau ki riƙa turo naki ta imel, mai murar nan za ta karanta mini, kuma ita ba ta tsallake layi. An ce gani ya kori ji, ni a wurina ji ne ya karɓi aikin. Nawa kuwa zan ci gaba da bugawa a takarda, don na san kina tara su.

Ki duba wannan da kyau. Haruffan sun koma ƙanana kamar na da. Da kunne na duba ta, ke kaɗai ce mai karanta ta da ido. Sai ki nemi wani abin tsokanar, na takarda ya ƙare.

Kawunki